Darasin Wannan Wata: Takardar Asibiti Amana Ce

 

Darasinmu na wannan wata a kan takardun asibiti ne, watau kati da fayil da takardar gwajin jini da takardar magani. Da wuya a sami gidan da babu irin waɗannan takardu a ƙasar Gwarzo da Kabo. Wani ya cusa tasa a aljihun tsohuwar riga, wani ya soke ta a rufin ɗaki, wata kuma ta tura tata ƙarƙashin katifa. Mutum zai adana takardar gona da rasiɗin babur kamar ransa, amma katin asibiti sai a gan shi a tsakar gida yara na wasa da shi. Alhali abin da ke cikin katin nan ya fi gona kusa da mutum, domin labarin jikinsa ne.

Me ake rubutawa a ciki?

Mu ɗauka ka je Babban Asibitin Gwarzo ba ka da lafiya. Wurin da za ka fara tsayawa shi ne ɗakin kati. A nan za a tambaye ka sunanka da na mahaifinka, da shekarunka, da garinku, da lambar waya in kana da ita. Za a ba ka lamba. Za a rubuta lambar a ɗan ƙaramin kati a miƙo maka, a kuma rubuta ta a bayan fayil. Ƙaramin katin naka ne, ka tafi da shi gida. Fayil kuwa a asibiti yake kwana.

A cikin fayil ɗin nan likita ke rubuta duk abin da ka faɗa masa, da abin da ya gani, da abin da gwaji ya nuna, da maganin da ya ba ka. Kullum ka koma sai a ƙara shafi. In mace ce, a ciki za a ga cikin da ta yi guda nawa ne, nawa ta haifa, nawa suka zube. In namiji ne, a ciki za a ga ciwon da ya ɓoye wa abokansa na majalisa. Akwai maganar da mutum bai taɓa faɗa wa mahaifiyarsa ba, amma tana nan a rubuce a fayil.

A ƙananan asibitoci na ƙauye akwai babban littafin rajista da ake rubuta sunan kowa. Wani wurin kuma akan ce mutum ya sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, shi ne katinsa, kuma da shi zai koma gida. To, mai irin wannan littafi ya sani fayil ɗinsa ne gaba ɗaya a hannunsa. Haka katin awon ciki, da katin rigakafin yara.

Rubutun nan ba don ɓata lokaci ake yinsa ba. Likitan da ya duba ka yau ba lallai ne shi za ka tarar gobe ba. In wata allura ta taɓa tayar maka da ƙuraje ko ta sa numfashinka ya sarƙe, fayil ne zai gaya wa sabon likita kada ya sake yi maka ita. In mace ta taɓa yin jijjiga wajen haihuwa, kati ne zai sa unguwarzoma ta shirya tun da wuri. Wanda ya yar da katinsa, sai ya sake biyan kuɗin kati, ya sake gwajin da aka riga aka yi, likita kuma ya fara lalube daga farko.

Takarda takan zama shaida ma. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa a gwajin. An daɗe ana shari'a, sai a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo biyan diyya, waɗanda suka fito nema sun fi yawan yaran da aka yi wa gwajin, har sai da aka koma gwajin ƙwayar halitta don a tantance. Dubi tsawon lokacin, shekara 13. Babu wanda ya san ranar da za a ce masa ya kawo shaidar ya taɓa kwanciya a asibiti.

Don me ake ɓoyewa?

Ciwo ba abin kunya ba ne, Allah ke ɗora wa bawa. Amma mun san halin bakin mutane. A ce an ji mai sayar da fura tana karɓar maganin tarin fuka, kafin la'asar babu mai tsayawa gaban ƙwaryarta, ko da likita ya ce ta daina yaɗa cutar tun tuni. A ce an ji yarinya tana shan maganin farfaɗiya, masu neman aure su janye, har ƙannenta abin ya shafa. Matar da ta sami yoyon fitsari aka yi mata aiki ta warke, sai kishiya ta riƙe mata shi abin gori. Ciwon ƙanjamau kuwa ba a magana. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Babbar ɓarnar ma ba a nan take ba. In mutane suka ga asirin wani ya tonu, sai su ƙi zuwa asibiti. Maganin tarin fuka kyauta gwamnati ke ba da shi, kuma wata 6 ake sha ba fashi. Wanda ke tsoron a gan shi a layin karɓa, sai ya sha wata 2, ya ji dama-dama, ya daina. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa, wani lokaci ma ya daina jin maganin, ya kuma bi 'ya'yansa da ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Mai cikin da ba ta yarda da malamar awo ba, ba za ta faɗa mata gaskiya ba. Ke nan tona asirin mutum ɗaya na iya sa gari guda ya ɓoye ciwonsa.

Abin da doka ta ce

Addini ya riga ya hore mu da rufa asirin ɗan'uwa da riƙon amana. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba.

A shekarar 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 26 na dokar ya ce duk bayanin da ya shafi mara lafiya sirri ne: ciwonsa, da maganinsa, har da kwanciyarsa a asibiti. A lura da wannan na ƙarshe. Ko cewa wane yana kwance a ɗaki kaza, ba maganar da ma'aikaci zai yi ta yawo da ita ba ce. Sashe na 29 kuma ya ɗora wa shugaban kowane asibiti nauyin tsare fayil da ɗakin da ake ajiye shi. Wanda ya buɗe fayil ɗin wani ba izini, ko ya kwafa, ko ya canza abin da ke ciki, ko ya lalata shi, ana iya ɗaure shi har shekara 2, ko tarar naira 250,000, ko duka biyu.

A wannan shekara ta 2014 aka yi wata dokar ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ta hana a fallasa su, ta hana a kore su daga aiki ko makaranta saboda ciwon. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin mara lafiya, kuma rufa asiri na ciki. Sannan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Wannan ta shafi har abin da aka ajiye a kwamfuta da waya, ta kuma sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake yi wa tsaro na musamman.

Doka ba ta ce sai mai kuɗi ko ɗan boko ba. Manomin Kutama da mai kiwon Garo da babban ma'aikaci a Kano, haƙƙinsu ɗaya a nan. Kuma ba likita kaɗai ta ɗaure ba. Nas, da mai gwajin jini, da mai ba da magani, da mai ɗakin kati, duk ta hau kansu.

Akwai inda aka yarda a faɗa. In kai da kanka ka ba da izini a rubuce. In kotu ta nema. In ƙaramin yaro ne iyayensa suka tambaya, ko mara lafiya ya fita hayyacinsa mai kula da shi ya tambaya. Sai kuma in yin shiru zai jefa jama'a cikin haɗari. Shi ya sa in aka ga kwalara ko sanƙarau ko ƙyanda ko shan inna, dole asibiti ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Haka aka yi lokacin mashaƙo, da ya addabi Jihar Kano a 2023. Wannan ba tonon asiri ba ne. Hukuma ake gaya wa don a kawo magani da rigakafi, ba a ce a yi shela a bakin kasuwa ba.

To, miji da mata fa? Matar da ta kai shekarun girma, fayil ɗinta nata ne. Suruka ko ƙanin miji ba su da ikon su je su ce a karanta musu, ko da su suka biya kuɗin magani. Amma sirri ba hujjar cutar da abokin zama ba ne. Dokar ƙanjamau ta ba miji ko mata damar sanin halin da ɗayan ke ciki in akwai tsoron kamuwa. Abin da ya fi kyau, mai ciwon ya faɗa da bakinsa. In nauyi ya hana, malaman asibiti sun iya zaunar da ma'aurata su yi musu bayani tare.

Takardar gwajin aure

Wannan na son a tsaya a kanta. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Jihar Kano. Masu niyyar aure za su yi gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta, da nau'in jini saboda sikila. Doka ce mai amfani, domin duk wanda ya yi jinyar yaro mai sikila ya san wahalar.

Sai dai takardar nan tana bi ta hannu da yawa. Daga saurayi zuwa wansa, daga wansa zuwa waliyyi, daga waliyyi zuwa liman. In ba a yi hankali ba, sai a buɗe ta a zaure gaban 'yan ɗaurin aure. Kuskure ne babba a bar gwaji sai ana gobe ɗaurin aure, an riga an raba goro an sayi kayan ɗaki. In sakamako bai yi daɗi ba a irin wannan lokaci, babu yadda za a fasa ba tare da gari ya tambayi dalili ba. A yi gwaji tun kafin a sa rana. In jini bai zo daidai ba, manya biyu ko uku su rufe ƙofa su yi magana, a ce Allah bai yi ba, shi ke nan. Saurayin da ya fasa kuma ya yi ta yawo da sakamakon yarinya don ya wanke kansa, ya ci amana. Dokar da kanta ta hana tsangwamar masu waɗannan cututtuka.

A sani kuma, mai nau'in jini AS ba mara lafiya ba ne. Abin da ake gudu shi ne haɗa AS da AS. Wanda ya iya harufa zai iya karanta wannan da kansa, harafi biyu ne kacal.

Ta ina asiri ke fita?

Mutane sukan ɗauka ma'aikata ne kaɗai ke fitar da magana. Akwai irinsu, ba a musu, musamman a ƙaramin gari inda malamin asibiti maƙwabcinka ne. Amma sau da yawa daga wajenmu take fita.

A layin ganin likita, mutum biyar su tsaya a bakin ƙofa suna jin abin da na ciki ke faɗa. Kana da ikon ka ce, malam, don Allah a turo ƙofa. Ke ma, in 'yar rakiya ta biyo ki ciki kuma akwai abin da ba ki so ta ji, ki ce ta jira a waje. Ba rashin kunya ba ne. A ɗakin kwanciya kuma, mai zuwa dubiya ya gaishe da mara lafiya, ya yi addu'a, ya ajiye abin da ya kawo. Fayil ɗin da ke bakin gado ba jarida ba ce.

Sai tsofaffin takardu. Wanda ya taɓa sayen ƙosai ko ƙuli-ƙuli aka ƙunsa masa a takarda mai rubutu ya san inda takardun da aka zubar ke ƙarewa. Takardar gwajin da ka gama da ita, in ba za ka adana ba, ka ƙone ta. Kwalin magani mai ɗauke da sunanka ma haka.

Sai waya. Yanzu mutum kan ɗauki hoton takardar gwaji ya tura wa ɗan'uwansa a birni ta WhatsApp. Babu laifi, in ya tabbata lambar da ya tura wa ita ce. Amma wayar nan ita ce ake kai wa mai caji ta wuni a shagonsa, ita ake ba mai gyara, ita yara ke kallon fim da ita. A sa mata lambar kulle, kuma hoton da ya gama aikinsa a goge shi. Masu ɗaukar hoton mara lafiya a gado su sa a Facebook don neman taimako, niyyarsu mai kyau ce, amma a fara tambayar mai ciwon. In yaro ne, a tuna zai girma, hoton kuwa yana nan.

In wani ya bugo waya ya ce daga asibiti yake, ko daga hukumar taimakekeniyar lafiya, a ba shi lambar katin ɗan ƙasa ko lambar banki don a sa mutum cikin masu magani kyauta, kada a bayar. A taka a je asibitin a tambaya.

Nauyin wanda ya iya karatu

Yanzu mun zo kanmu, mu 'yan ajin yaƙi da jahilci. Wanda bai iya karatu ba, asirinsa a hannun mai karanta masa yake. Dattijo zai fito daga asibiti da takarda, ya rasa wanda zai duba masa ranar komawa, sai ya miƙa wa yaron da ke zaune a teburin mai shayi. Yaron ya karanta da ƙarfi don a san ya iya. Mace za ta ba ɗan kishiyarta katinta don ya duba mata yadda ake shan magani, ya duba har da abin da ba a tambaye shi ba.

Kai da ka yi wata 6 ko 9 a aji, ka rage wannan buƙata. Ba a ce za ka karanta rubutun likita ba. Wannan rubutu ko mu da muka daɗe a makaranta yakan gagare mu, kuma da Turanci ne. Amma za ka iya karanta sunanka, ka tabbata takardar da aka miƙo maka taka ce ba ta wani mai irin sunanka ba. A garin da masu suna ɗaya suka yi yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Za ka iya karanta lambar katinka, da ranar komawa, da sau nawa ake shan magani. Abin da ya shige maka duhu, ka tambayi wanda ya rubuta tun kafin ka bar asibiti. Shi ya riga ya sani, ba sabon kunne ba ne.

Haka kuma kada ka dangwala yatsa ko ka sa hannu a takardar asibiti sai an gaya maka abin da ta ƙunsa da Hausa. Tunda izinin bayyana sirri a rubuce ake ba da shi, sa hannunka mabuɗi ne.

Ga ɗaya gefen kuma. Da zarar an san ka iya karatu, kai za a riƙa kawo wa takarda. Gwaggonka za ta kawo, maƙwabci zai kawo. Ranar da aka miƙo maka katin wani, ka zama kamar ma'aikacin ɗakin kati, sai dai ba albashi. Ka ja shi gefe. Ka karanta abin da ya tambaya kaɗai, a hankali, ka mayar masa da abinsa. In ka ga kalmar da ba ka gane ba, kada ka yi cinta. Ka ce masa wannan sai malamin asibiti. Mai ƙaramin sani da ya ga harufa uku ya ce ai ciwo kaza ne, yana iya raba aure a kan abin da ba haka ba ne. Bayan nan ka manta. Ko matarka, ko mijinki, ba su da rabo a ciki. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Malaman aji su ma su kiyaye. In za a koyar da karanta kati, a zana shi a allo da sunan da ba na kowa ba. Kada a ce ɗalibi ya kawo nasa a zagaya da shi.

In an tona maka asiri

Kada ka tafi da faɗa, kada kuma ka haɗiye ka daina zuwa asibiti. Ka fara rubuta ranar da abin ya faru, da wanda ya faɗa, da wanda ya ji. Ga amfanin karatu nan kuma. Sannan ka sami shugaban asibitin. In ƙaramin asibiti ne, akwai kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido a kansa, akwai kuma sashen lafiya a sakatariyar ƙaramar hukuma, a Gwarzo ko a Kabo. Babban asibiti yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano. Asibitin kuɗi ma akwai hukumar jiha da ke kula da irinsu. In kana jin nauyi, ka tafi da dattijo ɗaya wanda ka yarda da shi. Ba sai ka sake faɗar ciwonka ba kafin a saurare ka. Abin da ka kawo ƙara a kai shi ne an fitar da maganarka.

Aikin gida

Kowa ya tattaro katunan gidansa, nasa da na yara. Na matar gida a bar mata abinta ta adana da kanta. A sa su a leda mai kauri saboda ruwa da gara, a ajiye a akwati mai makulli. Sannan kowa ya buɗe shafin ƙarshe na littafinsa na aji, ya rubuta sunan asibitin da yake zuwa da lambar katinsa, ban da sunan ciwo. In kati ya ɓace, da wannan lamba mai ɗakin kati zai nemo fayil.

Sai mun haɗu a fitowa ta wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.